Giyar keke mai nauyi ko mai sauƙi a hanyoyin Jos?

Ɗan'uwa, tsakanin danna giya mai nauyi a hankali da juya mai sauƙi da hanzari, ta biyun za ka ɗauka. In hanya shimfiɗaɗɗiya ce, ka riƙe juyin feda 80 zuwa 90 a minti ɗaya.

Ba sai da na'ura ake aunawa ba. Ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ke tasowa cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. In ka ƙirga 20 zuwa 22, ka dace. In 14 ko 15 ne, giyar ta yi maka nauyi, sassauta ta.

Daɗin mai sauƙi shi ne zuciya da huhu ke ɗaukar yawancin aikin, su kuwa da wuri suke dawowa daidai. Dubi wanda ya saba, ya taso daga Terminus zuwa Bukuru: ƙafa na zagayawa kamar keken ɗinki, kafaɗa ba ta rawa, ya sauka yana hira. Makon farko za ka sha haki, kada ka karaya. In ɗuwawu ya fara tsalle kan sirdi, ka wuce gona da iri, ƙara giya ɗaya. Sirdin ma a gyara shi: ɗora dunduniya kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. In ya yi ƙasa, juyin ba zai taɓa yin santsi ba.

Mai nauyi dai tana da ɗan amfani a gangara. Bayan wannan sai ciwon gwiwa da cinyar da ke mutuwa tun rabin tafiya.

Jos garin tudu ne, don haka a hawa 65 zuwa 75 ma ya wadatar. Sauya giya tun kafin hawan ya kama ka, ka ɗan sassauta ƙafa lokacin sauyawa, in ba haka ba kaca ta yi tsalle, haƙoran giya su cinye. Mai niyyar hawa irin na Hawan Kibo ya nemi giyar baya da babbarta ke da haƙori 34, mai 28 za ta wahalar da shi.

A kula da masu sayar da keken da aka taɓa hawa. Za a ce maka giya 21 ce, alhali rabi ba sa shiga, ko a manna sunan Shimano, kamfanin kayan keke, a jikin jabu. Kafin ka miƙa kuɗi, sa a ɗaga tayar baya, juya feda da hannunka, ka ga kacar ta hau kowace giya ɗaya bayan ɗaya. Haƙoran da suka yi tsini kamar ƙaya sun gama aiki, a cire kuɗinsu daga ciniki.