Rake, rogo, masara ko bini-da-zugu: ka yi lissafin hekta kafin ka sayi iri

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu filaye suka sake tado da zancen noman mai, wato a shuka amfani a tatsi itanol (wani sinadari mai ci da wuta, dangin barasa) a zuba a mota. Ni na taɓa ƙonewa a wannan harka, saboda haka duk wanda ya tambaye ni wane iri zai saya, alƙalami nake fara miƙa masa.

Ga lissafin. Mu ɗauka Najeriya na shan lita miliyan 50 na fetur a rana, kusan lita biliyan 18 ke nan a shekara. Itanol bai kai fetur ƙarfi ba, tafiyar da lita ɗaya ta fetur za ta yi sai an zuba masa lita ɗaya da rabi. Don a sallami fetur gaba ɗaya ana buƙatar wajen lita biliyan 27. Sai ka raba wannan da abin da hekta guda ke bayarwa.

Masara ba ta da wata hujja a nan. Manominmu yana samun kamar tan 2 a hekta, tan guda kuma lita 400 ne, ka ga sai an cinye hekta miliyan 30 da ɗoriya, kusan duk ƙasar noman da muke da ita, sannan a kwana ba tuwo. Amurka da ke yin hakan masararta ta ninka tamu sau biyar a hekta. Rogo kuwa, mun fi kowa nomansa a duniya, amma abin da hekta ke fitarwa kaɗan ne, kuma masu yin garin rogo sun riga ka layi.

Rake shi ne nawa, ba na ɓoyewa. Birazil ta fara shirinta na tatsar itanol daga rake a 1975 bayan tashin farashin mai, kuma a can hekta guda na ba da lita dubu shida zuwa bakwai. Da wannan ma'auni za mu buƙaci hekta miliyan huɗu da wani abu, wato girman jihar Kano sau biyu, shimfiɗe da rake. Abu ne mai nauyi, kuma ita kanta Birazil ba ta daina sayar da fetur ba, haɗawa take yi. Amma idan burin shi ne a gauraya itanol kashi 10 cikin ɗari a fetur, kamar yadda tsarin gwamnati na 2007 ya nufa, hekta dubu 300 sun isa. Wannan kam abin da hankali zai ɗauka ne. Ga shi idan ka shuka sau ɗaya za ka yi ta yanka yana tohowa shekaru da dama, ragowar karan da aka matse kuma shi ake ƙonawa a ba injin wuta. Aibinsa biyu: mayen ruwa ne, sai fadama ko ban-ruwa, kuma in an yanka bai son ya wuce kwana biyu ba a matse ba, zaƙin raguwa yake yi. Shi ya sa masana'antun sukari na Numan da Sunti suke zaune a tsakiyar gonakinsu. A kuma tambaya da kyau, don raken masana'anta siriri ne mai tauri, daban yake da mai taushin da ake sha a tasha.

Abin da ya fi ɗaure ni da rake shi ne ko mai saye ya gudu, ba ka tashi a tutar babu ba. Ka kai Maƙarfi a matse maka, a dafa mazarƙwaila, ranar kasuwa ka ga kuɗinka.

Bini-da-zugu ba shi da wannan mafita, kuma a nan na sha kashi. Wajen 2008 wasu mutane suka zo garinmu da farar mota da takardu masu sheƙi, suka ce yana fitowa ko a kan fako, ba taki ba ruwa, su kuma za su saye duk ƙwayar da aka samu. Na cire gero daga hekta uku na sayi dashensu. Ya tsiro kam, ya yi ganye shar, amma da na zaga a shekara ta uku da buhu a hannu, 'ya'yan da na tsinta ba su cika rabinsa ba. Lambar wayarsu ta daina shiga. Akuya ba ta cinsa, mutum bai isa ba don guba ne, cire kututturen ma sai da na biya 'yan ƙodago. Daga baya na gane ko ya yi albarka, man da yake bayarwa na injin dizal ne, bai shafi fetur ba ko kaɗan.

Irin waɗannan mutane sun dawo, sun dai sauya riga. Alamarsu ɗaya ce: ribarsu tana cikin sayar maka da iri, ba cikin sayen amfaninka ba. Za su karanto maka lita kaza a hekta, alhali adadin daga gonar gwaji ne mai ban-ruwa da taki, ko daga Birazil. Ka tambaye su a wace gona aka auna, ka ce a kai ka. Ka nemi ganin masana'antar da idonka, hayaƙi na tashi, ba allon da aka kafa a daji ba. Ka auna nisanta da gonarka, don kuɗin tirela kaɗai yana iya cinye ribar. Yarjejeniyar saye ta zama a rubuce, da farashi, da shaidu, a gaban mai gari. In suka ce sai ka biya kuɗin rajista tukuna za a nuna maka wajen, ka raka su bakin mota.