Garejin da ke auna mota kafin ya sauya mata kaya

A gefen hanyar da ke fita daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa akwai wani gareji da ba shi da allon suna, rumfar kwano ce kawai da ramin duba ƙarƙashin mota, kuma direbobin tasha ne suka fi saninsa. Dalilin da ya sa nake ganin ya cancanci a yi rubutu a kansa shi ne yadda maigidan wurin yake tunkarar ciwon da ya fi kowane wahalar da masu tsofaffin motoci, wato mota ta riƙa rasa ƙarfi tana mutuwa jefi-jefi, amma da zarar an kai ta gaban makaniki sai ta tashi lafiya lau kamar ba ita ba.

Motar da na kai masa Toyota Corolla ce ta 1994 mai injin 4A-FE, kuma motar da ta haura shekara 30 tana shan rana da ƙurar ƙasar nan ba a ganin laifinta idan ta fara gajiya. Da safe tana tashi bugu ɗaya. Sai an ɗauki babbar hanya, musamman da rana tsaka a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sannan za a ji an taka totur amma ba ta amsawa, ta riƙa fizga tana shaƙewa. Wani lokaci kuma babu ko gargaɗi, sai ta ɗauke ɗif tana cikin gudu, ta ƙi tashi har sai ta huce. Kafin in zo nan an riga an sauya mata buji a wani wuri, an sauya filtar iska, an wanke injekta, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan an yi shi ne a bisa zato.

Maigidan bai buɗe kapo ba sai da ya gama tambayoyinsa. Ya ce, "Malam, idan za ta mutu, tana yin tari tukuna ko kuwa ɗaukewa take yi kamar an murɗa makulli?" Da na ce masa duka biyun suna faruwa, sai ya ce to da alama ciwo biyu ne suka haɗu, domin injin da mai ya yanke masa a hankali yake mutuwa yana kakari, wanda wuta ta yanke masa kuwa nan take yake yin shiru, allurar da ke nuna juyin injin ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Wannan rarrabewa ita ce ginshiƙin aikinsa duka, kuma a ganina ita ce ta bambanta shi da yawancin garejojin garin nan, inda ake fara tura mai mota kasuwa kafin a san abin da ake nema.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu shan esansi na Turai daga 2001, suna da mahaɗin da ake soka na'urar bincike a karanta matsalarsu. Corolla ta 1994 ba ta kai wannan zamani ba, amma tana da ƙwaƙwalwar da ke ajiye lambar matsala, kuma makanikai da yawa ba su damu da tambayarta ba. Shi kuwa ya buɗe ɗan akwatin bincike da ke kusa da injin, ya lanƙwasa guntun waya ya haɗa ramukan TE1 da E1, ya murɗa makulli ba tare da ya tada motar ba, sannan ya sa yaronsa ya ƙirga ƙiftawar fitilar injin da ke kan tablo. Ta ƙifta sau ɗaya, ta ɗan dakata, ta sake ƙiftawa sau huɗu. Lamba 14 ke nan, wadda a motocin Toyota na wancan zamani take nuna cewa ƙwaƙwalwa ta daina samun saƙo daga sashen da ke ba da wuta. Bai tsaya a nan ba, domin a cewarsa lambar tana nuna unguwa ne ba gida ba: tana iya zama bobin, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar da ake aika wa buji, tana iya zama na'urar da ke kunna bobin, tana iya zama waya ce ta saki a tsakaninsu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi burge ni. Ya ɗaura agogon auna ƙarfin mai a kan bututun da ke kai esansi injin, ya fito da shi ta yadda za a iya ganinsa daga cikin mota, ya jira har bayan azahar, sannan muka ɗauki hanyar Madarumfa. Irin wannan injin yana buƙatar ƙarfin mai kusan bar 3, kuma a ralanti, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, allurar tana zaune inda ya kamata, abin da ya sa duk wanda ya duba motar a tsaye zai rantse fanfon mai lafiyarsa ƙalau. Amma da aka saka giya ta huɗu aka danna totur, sai allurar ta fara sauka a hankali, motar kuma ta fara fizgar nan da na saba ji. A hanyar dawowa ta mutu gaba ɗaya. Maimakon ya ji haushi sai ya yi hamdala, ya fita da sauri ya zare wayar buji ɗaya ya gwada, babu ko ƙyallin wuta. Ya jiƙa tsumma da ruwa ya lulluɓe delko, wato na'urar da ke rarraba wuta ga buji, bayan ɗan lokaci aka buga, ta tashi.

A wannan injin bobin yana zaune ne a cikin delko, inda zafin injin ke dafa shi kullum. Da aka buɗe murfin a gareji sai ga siririn tsagu a jikin bobin, da wani layi mai launin toka a inda wuta ta riƙa tsallakewa, ga kuma danshin baƙin mai da ya ɗigo ta robar sandar delkon da ta bushe. Idan irin wannan bobin ya yi zafi sai wayoyin cikinsa su buɗe, wuta ta yanke, idan ya huce su sake haɗuwa. Ta ɓangaren mai kuwa, ya kwance filtar esansi ya juye abin da ke cikinta a kwalba, sai ga ruwa ja mai laka ya kwanta a ƙasa, kuma da aka zaro fanfon daga tanki an tarar ragar bakinsa ta toshe da tsatsa da yashi. Bai yi mini wa'azi a kan man kwalba ba, amma abin a fili yake. Duk da matatar Soraz da ke Damagaram tana aiki tun 2011, mutanen Maraɗi sun daɗe da sabawa da ruwa-ruwa, wato man da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalba, saboda araha, kuma man da ya kwana a jarka da duro yana kwaso ƙura da ruwa. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 arahar ma ta ragu sosai. Ya ƙara da cewa ɗabi'ar zuba lita biyu ko uku tana kashe fanfo, domin man da ke cikin tanki shi ne yake sanyaya shi.

An wanke tanki, an sauya raga da filta, an saka wani bobin da sabuwar roba, an kuma kankare wayar da ke haɗa batir da jikin mota wadda ta yi tsatsa. Fanfon bai sauya shi ba, domin da ya sake aunawa ƙarfin man ya tsaya daram ko a kan gudu. Da yana son cin kuɗina, nan ne wurin da ya fi sauƙi. Kuɗin aikinsa sefa jika 15 ne ban da kaya, wanda ya ɗara abin da ake karɓa a wasu wurare, amma bai kai abin da na kashe a baya a kan kayan da ba su ne suka lalace ba. Tun daga lokacin na je Tasawa da Dakwaro da rana tsaka, motar ba ta sake yin ko tari ba.

Wurin yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Alkawarin lokaci ba shi da daraja a wajensu, idan aka ce ka zo da hantsi to kada ka sa rai kafin la'asar. Ba sa ba da takardar shaidar biya, lamunin aikin ma da baki ake yinsa. Yaran garejin suna juye esansi a buɗaɗɗen kwano ba nisa da murhun mai shayi, abin da ya kamata maigidan ya tsawata a kai tun kafin a yi asara, kuma sun bar mini shatin hannu na baƙin mai a kujerar baya. Akwai kuma inda muka saɓa da shi kai tsaye, lokacin da ya ba da shawarar a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, wai don injin ya riƙa sanyi, kamar yadda ake yi a ko'ina a ƙasar nan. Na ce masa, "Maigida, a bar shi a inda yake." Injin da ke da ƙwaƙwalwa yana auna zafin ruwa ne ya san yawan man da zai fesa, kuma idan ruwan bai kai zafin da ake so ba, musamman da safiyar hunturu, zai yi ta fesa mai fiye da kima, buji ya yi baƙi, shan mai ya ƙaru. Na yi mamakin mutumin da ya san aikinsa haka ya riƙe wannan al'ada, ko da yake bai yi musu ba da na ƙi.

Game da kaya, shi ba ya sayarwa, sai dai ya haɗa ka da yaro ku shiga kasuwa, kuma ya fi son bobin na kas da aka ciro daga wata mota a kan sabo mai araha wanda ba a san inda aka ƙera shi ba. Duk wanda zai kai masa mota mai irin wannan ciwo, ya je da mai aƙalla rabin tanki saboda gwajin hanya, ya ware yini guda, kuma kada ya bari kowa ya cire kan batir kafin ya isa, domin cire shi yana goge lambar da ƙwaƙwalwar ta ajiye. Masu sababbin motoci kuwa gara su nemi wani wuri, saboda na'urar binciken da yake da ita ƙarama ce, kuma shi da kansa yakan mayar da irin waɗannan motoci tun daga bakin rumfa.