Ƙarin Albashi Ko Ƙarin Kuɗin Asibiti?

Duk lokacin da majalisa ta zauna kan kasafin kuɗi, muhawara ɗaya ce ke dawowa: a ƙara wa masu ƙaramin albashi kuɗi, ko a zuba shi cikin asibitoci da hidimar masu buƙata ta musamman?

Ƙarin albashi yana shiga aljihu nan take. Mai shara ko mai kula da marasa lafiya zai biya haya, ya sayi abinci. Sai dai hauhawar farashi na iya cinye ƙarin kafin shekara ta zagayo, kuma wanda nakasa ta hana shi aiki ba shi da albashin da za a ƙara masa.

Kuɗin hidima kuwa amfaninsa ba ya bayyana da wuri, amma yana daɗewa. Keken guragu, matakalar da keke zai hau a ƙofar asibiti, mai fassara da hannu ga kurma a gaban likita: babu albashin da zai saya wa mutum waɗannan shi kaɗai.

Ni dai na fi karkata ga hidima, da sharaɗi guda: a biya masu jinya hakkinsu, domin asibitin da ma'aikatansa suka gudu ba ya warkar da kowa.