Adaftar Apple mai kafa biyu: tana cajin iPad, amma ciyar da kayan kiɗa aikin hub ne

Duk mai haɗa kiɗa da iPad mai kafar Lightning ya san matsalar: kafa ɗaya ce tal, ita ce ta caji, ita ce kuma ta kibod ɗin kiɗa da akwatin sauti, wanda 'yan situdiyo ke kira saunkad. Adaftar da Apple ya fitar a 2016, Lightning to USB 3 Camera Adapter, ita ce ta raba gardamar. Tana da ramuka biyu, ɗaya na USB babba, ɗaya na Lightning inda caja ke shiga. An yi ta ne don kwashe hotuna daga kyamara, amma makaɗa ma suna morarta sosai. A ganina ta cancanci kuɗinta, muddin mutum ya san iyakarta.

Kada a rikita ta da tsohuwar, mai rami ɗaya, wadda ba ta caji ko kaɗan. Lambar sabuwar A1619. Jabu sun cika kasuwa, saboda haka a gwada kafin a biya: a jona ta, a shiga Settings, General, About, a duba ko sunanta da lambarta sun bayyana. Jabun sukan yi aiki na ɗan lokaci, sai su riƙa yankewa a tsakiyar waƙa.

Wutar da iPad ke bayarwa ta kafar Lightning kaɗan ce ƙwarai. Ƙaramin kibod irin Akai MPK Mini yakan tashi da ita, amma da an jona saunkad sai saƙo ya fito a allo cewa na'urar na neman wuta fiye da kima. Sa caja a adaftar yana taimakawa ga na'ura ɗaya. Uku ko huɗu kuwa sai da hub, wato akwatin da ke raba ramin USB ɗaya zuwa ramuka da yawa, mai cajarsa ta kansa. Lissafin ba wuya: ƙa'idar USB 2 ta ba kowace na'ura damar jan 500mA a kan 5V, na'urori huɗu ke nan 2A, wato wat 10. A nemi hub mai caja 3A zuwa sama don a sami rara, musamman idan za a kunna 48V, wutar da saunkad ke tura wa makirfon situdiyo irin na kondensa, domin daidai lokacin kunna shi ne saunkad yakan ɗauke idan wuta ta yi ƙaranci. Hub marar caja bai ƙara komai ba sai ramuka, kamar a ƙara cokula a kwano ɗaya ne.

Cajar iPad ɗin ma a kula da ita. 'Yar ƙaramar nan ta iPhone mai wat 5 ba ta isa ba: za a ga alamar caji, batir kuma na sauka sannu a hankali, tunda manhajar kiɗa irin Cubasis ko AUM da allo mai haske suna cin fiye da abin da ke shiga. A sa mai wat 12 ko sama da haka, a rage hasken allo.

Tsarin jonawa yana da tasiri. A fara ba hub wuta, a jona masa saunkad da kibod, a sa caja a adafta, a haɗa hub da adafta, sannan a cusa ta a iPad. Manhaja ita ce ta ƙarshe. Idan wata na'ura ba ta bayyana ba, a fara zargin waya, domin wasu wayoyin USB na caji ne kawai, babu layin bayanai a cikinsu. In waya lafiya take, a duba ko na'urar tana aiki ba tare da direba ba, wato manhajar musamman da ake sakawa don a gane ta; irin su Focusrite Scarlett 2i2 da Korg nanoKONTROL2 suna yi.

Akwai iyakar da ba laifin adaftar ba ce. Na'urorin MIDI, wato masu aika umarnin kiɗa kawai ba sauti ba, kamar kibod, ko nawa ne iPad zai karɓa, amma na sauti ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, galibi wanda aka jona a ƙarshe. Shi ya sa ban ba da shawarar hub mai ramin abin sauraro na kunne ba: iPad na ɗaukar irin wannan hub a matsayin saunkad, sai ya ƙwace sauti, lasifiku su yi tsit. Maganar sauri kuma kada ta dami kowa. Wasu iPad Pro ne kawai ke samun saurin USB 3 da ita, sauran na USB 2 suke samu, kuma ya wadatar da sauti da MIDI.

Sai tsuwwa, wannan siririn ƙara da ke shiga lasifika da zarar an sa caja. A cire cajar a saurara; in ya ɗauke, an gano tushensa. A tara duk cajoji da lasifiku a soket guda, a yi amfani da wayoyin sauti masu rage ƙara, irin TRS ko XLR, zuwa lasifika, a watsar da cajar da ba ta da suna. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ko ake sauyawa zuwa janareta, hub zai mutu na daƙiƙa kaɗan kuma ɗaukar sauti ta katse ko da iPad na kan batir. Fawa bank a ramin cajin adafta, hub kuma a kan infata ko UPS, shi ne magani.

Abin da na fi ƙi a jikinta shi ne gajeriyar wayarta. Siririya ce, kuma nauyin wayoyi biyu na rataye a kanta yana lanƙwasa ta daidai wuya har ta fara yankewa. A manne adaftar a tebur ko a bayan mariƙin iPad da salatif don kada ta yi lilo.

Mai iPad na USB-C, kamar Pro daga 2018, Air daga 2020, mini daga 2021, ba ya buƙatarta. Hub ɗin da caji ke bi ta cikinsa zuwa iPad ya ishe shi, sai dai ya sani da yawansu suna riƙe kusan wat 15 don kansu, don haka caja mai wat 20 ba za ta bar wa iPad abin kirki ba. Ya sa mai wat 45 ko 65, kuma kada ya cire ta ana cikin ɗauka, domin hub yakan sake tashi ya yar da duk abin da ke jone.