Na saurari waƙar da ba ta da komai sai ganga da sunayen matattu

Ƙanwata ce ta turo mini ita da daddare, ta ce: "Yaya, ka sa abin kunne, kada ka buɗe ta a gaban yara." Na zaci batsa ce a ciki. Ashe dai nauyi take gudar musu.

Waƙar ita ce Hell You Talmbout, ta mawaƙiyar Amurka Janelle Monáe da abokan aikinta na kamfanin waƙarta Wondaland, ciki har da Jidenna, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Sun sake ta a watan Agusta na 2015. Yau kwana tara ina jin ta a waya, wani lokaci a shago bayan la'asar, wani lokaci a kwance.

Wanda ya zo neman daɗin murya zai koma hannu rabbana. Ganguna ne irin na masu fareti, sai amshi mai kama da na mawaƙan coci, sai mutum ɗaya ya fito ya yi ta ƙwala sunan wani mamaci baƙar fata yana cewa a ambace shi, har muryarsa ta dushe, wani ya karɓa da wani sunan. Shi ke nan, minti shida da 'yan kai.

Abin da ya fara zuwa raina maroƙi ne a gidan biki. Shi ma suna yake kira da ƙarfi, ya jero iyaye da kakanni, amma mai sunan yana zaune da babbar riga, zai sa hannu a aljihu. A nan waɗanda ake wa kirarin ba su da abin bayarwa, suna ƙasa. Wannan juyin ne ya riƙe ni.

Sai dai waƙar ba ta gaya maka ko su wane ne ba. Jin farko, sunayen suka wuce ni kamar ana kiran rajista a aji. Dole na riƙa tsayar da ita ina bincike ɗaya bayan ɗaya. Eric Garner: 'yan sanda sun tare shi a Niyok a Yulin 2014 bisa zargin sayar da taba kara-kara, ɗaya ya shaƙe masa wuya, ya ce ba ya iya numfashi har sau 11. Walter Scott: an harbe shi ta baya yana gudu a 2015, kuma shi kam ɗan sandan ya sha ɗaurin shekara 20, don wani ya ɗauki abin a waya. Aiyana Jones shekararta 7, tana barci a kan kujera a Ditiroit lokacin da 'yan sanda suka kai samame gidan a 2010, harsashin ɗayansu ya same ta. Da na san waɗannan na koma na sake ji, sai ta zama wata waƙar daban.

Inda na ajiye wayar na yi shiru shi ne wajen Amadou Diallo. Amadu dai, sunan da ke kowane layi a unguwarmu. Bafulatani ne ɗan Gini, shekararsa 23, yana kasa kaya a bakin titi yana tara kuɗin makaranta. A Fabrairun 1999 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka same shi a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Buronks ta Niyok. Ya zaro walat ɗinsa, suka ce sun zaci bindiga ce. Harsashi 41 suka saki, 19 suka same shi. Shekara ta zagayo kotu ta wanke su duka. Jin baƙon harshe yana lanƙwasa sunan Amadu da iya ƙarfinsa, tsikar jikina ta tashi.

Akwai abin da zan ja hankalin mai sauraro a kai. Ba duka sunayen ne 'yan sanda suka kashe ba. Trayvon Martin ɗan sintirin unguwa ne ya harbe shi a 2012, Emmett Till kuma wasu fararen fata ne suka yi masa kisan gilla a Misisipi tun 1955, yana da shekara 14. Na gane dalilin haɗa su, ana nuna cewa igiyar ɗaya ce, wato wariyar launin fata, amma wanda bai sani ba zai ɗauka duk labari ɗaya ne.

A 2021 an fitar da wata doguwa ta mata zalla, kusan minti 17, sunaye sama da 60, da muryoyin su Beyoncé da Alicia Keys. Ta ci mini data, kuma gaskiya ban iya kai ta ƙarshe a zama ɗaya ba. Ta farkon ta fi mini kaifi.

Ba waƙar mota ba ce, ba kuma ta shara da wanke-wanke ba. A ji ta da abin kunne mai fitar da ƙarar ganga sosai, don lasifikar waya tana kashe ta. Jiya na mayar wa ƙanwata saƙo na ce ta fara karanta labarin Amadu kafin ta sake kunnawa. Ta ce ai tun ranar ba ta sake ba.