Diyya ko Ramuwa: Dokokin Eshnunna da na Hammurabi

Dokokin Eshnunna (wani tsohon birni a ƙasar Iraƙi ta yau), da suka ɗan riga na Hammurabi sarkin Babila, kuɗi suka yanka wa rauni: wanda ya tsiyaye idon wani zai biya azurfa mina ɗaya, wato shekel 60, kusan rabin kilo, haƙori kuwa rabin haka. Mai hali ya biya ya wuce abinsa, nan gizo ke saƙar.

Hammurabi na Babila, wajen 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka sassaƙa nasa a dutse: ido da ido, amma tsakanin manya kawai. Idon talaka mina ɗaya ne, na bawa rabin kuɗin bawan. Ramuwar ta fi tsoratarwa, sai dai diyya ce ke sa wa mai rauni abinci a baki.