Masu kiwon kaji a Tahoua, ku yi hattara da mai “maganin zafi”

Jikka 30 na tura wa mutumin nan. Jikka 30! Har yanzu muryarsa na cikin kunnena: “Hajiya, ko rana ta fi haka, kajinki ba za su buɗe baki ba.” Da rantsuwa ya faɗa, har da cewa shi ma mai kiwo ne.

Kada wani ya ce ban san kiwo ba. Tun ina yarinya nake ganin ana jiƙa wa kaji tsamiya da garin kuka idan bazara ta yi tsanani, ni kaina ina ba su ganyen zogale. Su ya ambata mini ɗaya bayan ɗaya, ya ce akwai kuma wata saiwa ta gado da ba ya faɗa. Wa zai ji haka ya yi zargi? Ga zafin Afrilu ya wuce digiri 40, kajina sun saki fikafikai suna haki, ɓawon ƙwai ya yi laushi.

Yanzu ya toshe ni a WhatsApp. Kafin nan ma, ranar da ɗan kabu-kabu ya kawo galan biyun, na buɗe na ji warin dogon yaro ya bugi hancina. Na kira shi, ya ce ai ɗacin shi ne maganin, in zuba a duk mazubin ruwa. Kaji suka tsoma baki, suka ja baya, suka ƙi sha. Kafin la'asar na fara kwasar matattu, masu ƙwai, waɗanda na yi watanni ina ciyarwa.

Likitan dabbobi da ya zo ya ce kaza ba ta gumi, da haki take rage zafin jiki, hakin kuma yana cinye ruwan jikinta. Wato ruwan da zai cece su shi mutumin nan ya sa na ɓata. Kuma na biya jikka 30, ban da kuɗin kawowa.

Hotunan hirarmu da takardar tura kuɗin duk suna wayata, zan saka su nan da dare, har da muryar.

Ku ba kajinku ruwa mai sanyi, inuwa da iska, abinci da sassafe da yamma. Haɗin da aka ɓoye abin da ke ciki, kada ku saya.

Ni dai ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi.